Kalangun da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗan Foma Garba ba, ko da na so.

A kamfanin jima nake aiki a Challawa, Foma Garba ne shugabanmu a wurin aiki. Ban yi boko ba, amma na iya kalangu tun a ƙauyenmu. Abokan aikina biyu, Bitrus da Isuhu ɗan Nijar, suka matsa mini in koya musu. Bayan an tashi sai mu zauna gindin katanga.

Sun ba ni wahala. In ce matsa igiyoyi da hammata murya ta hau, Isuhu ya matse kamar zai shaƙe akuya. Bitrus kuwa duka kawai yake, kamar ya kama ɓarawo. Na gaji, na ce kalangu magana yake, ku riƙe kalma a zuci hannu ya bi. Kalmar da ta zo bakina ita ce: "Foma mai tumbi, tashi ka yi aiki." (Ranar ya zage ni a gaban mutane.) Nan take suka iya.

Sai aka fara rage ma'aikata, kuma Foma ke ware sunaye. Barci ya gagare ni. Na ce bari mu yi masa kiɗa a bikin ɗansa a Panshekara, ko ya tuna da ni.

Na shirya musu taken ango. Suna ganin taro suka ruɗe, hannu ya koma abin da ya sani. Na harare su, na taka ƙafar Isuhu, ina! Na ce to ai ba mai ji.

Ashe mahaifin Foma tsohon mahauci ne, da kalangu ya tashi. Ya ɗaga sanda.

"Kai makaɗi, wane ne mai tumbin?"

"Baba, taken ango ne."

"Ango ba shi da tumbi. Garba, kai ake cewa ka tashi ka yi aiki."

Wuri ya ɓarke da dariya. Bitrus, Allah ya shirye shi, ya ce, "Wallahi Baba kun canka, haka Malam ya koya mana."

Ba a kore ni ba. Tsohon ya ce duk wanda ya taɓa ni shi ya taɓa, don rabonsa da jin kalangu ya faɗi gaskiya tun yana saurayi. Amma Foma ya mai da ni ramin jiƙa fatu, inda ƙuda ma ba ya daɗewa.

Har yanzu ina koyarwa. Kalmar dai yanzu "tuwo da miya" ce. Tuwo ba shi da uba a wurin biki.