Jirgin Yaƙin da Ya Sha Toka

Ku matso, a gyara tabarma, mai goro ya ɓantaro mani, in ba ku labarin wani babban mutum. In ana lissafin gwarazan Kankiya, da Alhaji Sharafaddeen ake farawa, don shi ke yin lissafin. Shi ne Sarkin Shawagi, Shaho uban tashi, mutumin da ko balbela ta gifta sai ya ɗaga kai ya gyara mata fiffike. Shekara talatin ya yi yana tsaron sito a wata makaranta, yana raba alli da tsintsiya, amma in ya ɗauko zancen yaƙin duniya na biyu sai ka rantse shi ya raba faɗan.

Jirgi kuwa ya shiga, kada a ci haƙƙinsa. Shekarar da ya sauke farali ne. Abokinsa Malam Dabo mai keke, wanda suka zauna kusa da juna, ya ce tun kafin a tashi Alhaji ya ƙudundune kai da harami, bai leƙo ba sai Jidda. Alhaji ya ce nazarin ƙarar inji yake yi, kuma nazari ba ya son haske.

Da ya yi ritaya, ɗansa Abdullatif ya fara aiko mashi da wasu kwalaye daga Kaduna. Cikinsu 'yan gutsattsarin roba ne, in an liƙa su da gam sai su zama ƙaramin jirgin yaƙi mai farfela a hanci, tsawonsa bai fi taki ɗaya ba. Goma sha biyu Alhaji ya haɗa, ya jera su a ɗakin zaure. Sai dai a wurinsa haɗawa aikin yara ne. Ilimin yana wajen tsufar da jirgi.

Ya ake tsufar da jirgi? To, ku saurara. Kwallin uwargida Rahamatu yake ɗiba, ya shafa da gashin kaza a bayan bututun hayaƙi. Baƙin tukunya na bakin bindigogi ne. Tsinken sakace na karce fenti, daidai inda takalmin matuƙi ke takawa. Allura yake gasawa ya huda fiffike, raunin harsashi ke nan. Tayoyi kuwa jar ƙasa suke sha, kuma ba kowace ba, sai ta ƙauyen Kaikai. Ya ce ita ce ta yi kama da ta filin daga. Wa ya je filin dagan balle ya musa? Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

"Kai Dabo," yakan ce, yana nuni da tsinke, "sabon jirgi amarya ne, bai san komi ba. Datti shi ne tarihi. Amma wanga zance ya fi ƙarfin mai keke."

Ana nan sai wata sakandare a Kusada ta shirya bajekolin fasahar hannu. Aka ce aikin da ya zo na ɗaya za a sa shi cikin akwatin gilashi a babban zauren makaranta, da sunan mai shi, har illa masha Allahu. Alhaji ya ji maganar gilashi da suna, ya ji duniya ta gama biyansa. Ya zaɓi jirginsa mai ruwan azurfa, ya yi wata uku yana ƙazanta shi da ilimi. Rahamatu ta koma sayen kwalli bibbiyu.

Ana gobe taro, sai ga yayarsa Mairama daga Mawashi ta zo ganin gida. Ita ta goye shi yana jariri, ita kaɗai ke kiransa Ɗan'auta ya amsa. Mace ce da in ta wanke tukunya, sai ka duba haƙoranka a gindinta. Da safe Alhaji ya sa jirgin cikin kwali, ya rufe da farin ƙyalle, ya tafi wurin wanzami. Yaya ta zo shara, ta ɗaga ƙyalle, ta yi salati. Wannan za a kai gaban jama'a? A ce ɗan gidansu ne ya fito da abu duk kunkunniya? Rahamatu na can madafa, ba ta ma san wainar da ake toyawa ba. Yaya ta samo toka da soso da lemon tsami, ta zauna. Da ta gama ta toshe hujojin da sabulu, ta goge da ɗan man gyaɗa, ta mayar ta rufe. Ba ta faɗa ba, don alheri ba a yi mashi shela.

Mota ɗaya suka shiga da Yaya, tunda Kusada kan hanyarta ta komawa gida take. Alhaji ya rungume kwali a cinya, duk ramin da aka faɗa sai ya yi wa direba lacca kan yadda ake saukar gaggawa.

A Kusada fili ya cika. Ga masu tabarmi, ga masu motocin kara, ga wani da ya ƙera injin ban ruwa da gwangwani. Alhaji ya dube su da tausayi. Da aka zo kansa ya karɓi lasifika, ya gyara babbar riga.

"Jama'a, abin da za ku gani ba na mai raunin zuciya ba ne. Za ku ga hayaƙi. Za ku ga raunuka. Za ku ga ƙasar daga a tayoyi. Kowane wawa ya iya sa abu ya yi ƙyalli. Masani kaɗai ya iya datti!"

Ya fizge ƙyalle. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Jirgi ya ɗauki rana ya watsa wa mutane a ido, fes, kamar sabon kwanon amarya. Har ƙamshin lemo yake yi. Fili ya kaure da tafi. Aka ɗauka barkwanci ne irin na manya. Sarkin Shawagi ya tsaya baki buɗe, ƙyalle a hannu.

"Ni ce nan!" in ji Yaya daga cikin mata. "Da kun gan shi da safe, da kun tausaya mamu. Ɗan'auta, mi kake kallo? Gaishe da mutane mana!"

Ya tuna wadda ta goye shi, ya ɗaga hannu ya gaishe da mutane.

Alƙalin gasa, Malam Harisu, ya ɗaga jirgin ya jujjuya. Can a ƙarƙashin fiffiken hagu ya hango wani ɗan baƙi kamar ƙwayar gero, inda soso bai kai ba. Shi ke nan abin da ya rage daga aikin wata uku. Alhaji ya ce a ransa: ga mai ido ya zo!

"Alhaji, kai ne na ɗaya," in ji Malam Harisu. "Amma saura ƙiris wannan ƙazantar ta kayar da kai." Ya lashi yatsa ya goge.

Yau jirgin na cikin gilashi. Takardar da aka liƙa a jiki ta ce: Haɗawa, Alhaji Sharafaddeen; gyara, Mairama Mawashi. Shi kuwa Shaho ya sake huɗuba. Duk wanda ya tsaya a zaurensa sai ya ji cewa tsabta cikon addini ce, kuma shi ya daɗe yana faɗa. Malam Dabo ya ce ƙwarai kau, ko mai keke shaida ne.

Sai dai Yaya ta aiko daga Mawashi. Ta ce ta ga saura goma sha ɗaya, tana nan tafe kafin Salla, a tanadar mata toka. Alhaji ya sayo kwaɗo babba ya datse ɗakin zaure. To, ku da kuka saurara, ku faɗa mani: in wadda ta goye ka ta miƙo hannu ta ce "Ɗan'auta, ba ni makulli," da wane bakin za ka ce ya ɓace?