Mai Kashe Na'urar Kusada

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na kusa sa a kori Baba Lawal daga aiki ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai adana bayanan marasa lafiya na ƙananan asibitoci. Rumbun bayanan namu ba a wuri ɗaya yake ba. Na'urori uku ne, ɗaya a Kankia, ɗaya a Kusada, ɗaya a Yashe, kowace tana kwafar abin da ya shiga 'yar'uwarta ta intanet. Aikina in sa musu ido a allo: kore lafiya, ja matsala. Ni kuwa ba ni da natsuwa. Ina cin tuwo ina leƙa allo, ina fitowa daga masallaci kafin in sa takalmi na zaro waya (matata har ta gaji da mita ta zuba mini ido).

Wata Talata na je Kusada zagayen da aka saba, na tarar da na'ura ƙalau, fitilunta na ƙiftawa. Da na koma Kankia sai allo ya nuna ta yanke da 'yan'uwanta har awa biyu. Hankalina ya tashi. Na koma Kusada ranar Alhamis neman dalili, ban ga komai ba, sai dai intanet da ya ƙi kamawa a ɗakin, na ɗora wa garin laifi. Na dawo, ja kuma. Wata biyu ina sintiri a babur cikin taɓo, jan nan sai ƙaruwa yake.

Sai na yanke hukunci ni kaɗai: maigadin ofishin ne, Baba Lawal, dattijon da makulli ke hannunsa. Na ce shi yake zare wayar wutar na'urar yana yi wa 'yan unguwa cajin wayoyinsu. Hujja? Babu. Na dai zana jadawali mai launi-launi, na rubuta a ƙasa cewa a sallame shi.

Shugabarmu, Hajiya Binta, ta zo Kusada da kanta ta tara ma'aikata. Na miƙe na yi kusan rabin awa ina karanto ranaku da lokuta (har da gyaran murya). Baba Lawal na zaune a bakin ƙofa, mutumin da aikin nan ne kaɗai abincin iyalinsa.

Hajiya ta ce, "Baba, kana da abin faɗa?"

Ya zaro wani tsohon littafi da yake rubuta shigar baƙi da fitarsu da ajami.

"Ranki shi daɗe, ni ban san aikin ga ba. Amma kwanakin da injiniya ya hwaɗi duk ina da su." Ya bi layi da yatsa. "Talata, injiniya ya zo da hantsi, ya tahi azahar. Alhamis, injiniya. Litinin, injiniya. In ya shigo shina zare baƙar wayar can shi jona kwamfutarshi. In ya tahi sai in maida."

Baƙar wayar ita ce ta na'urar intanet. Soket ɗinta ne ya fi kusa da kujerar da nake zama.

"To me ya sa ba ka gaya masa ba?" in ji Hajiya.

"Ai shi ke da ilimin abin. Na ɗauka cikin aikin ne."

Da ma dariya suka yi, da ya fi mini sauƙi. Sai kowa ya sunkuyar da kai saboda kunyata. Na je na durƙusa gaban dattijon nan na roƙe shi gafara, ya ce, "Ba komai, ɗana, aiki ne." Wannan "ɗana" ya fi mari zafi.

Tun daga ranar, in abu ya lalace, kafin in je neman mai ƙaramin albashi in ɗora masa, sai in fara tambayar kaina inda nake lokacin da abin ya faru.