Likitar Gidan Suna

Har in koma ga Allah ba zan manta da sunan da na je Damri ba. Ni dai sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na shiga makarantar manya a Talata Mafara, kuma tun da na iya karatu ba wanda ya ƙara sakewa a gidanmu.

Wata rana ma'aikaciyar jinya ta zo ajinmu ta yi bayanin ciwon damuwa da kan kama mace bayan haihuwa: ta rage magana, ta ƙi abinci, ta kau da kai daga jaririnta. Ta ce ba iskoki ba ne, ba sammu ba; canjin jiki ne da rashin barci da yawan tunani, kuma yana da magani. (Ta ce likita ke tantancewa bayan doguwar tambaya. Lokacin da ta faɗi wannan ina hira.)

Ana nan sai Hassi, matar ɗan ƙanena, ta yi haihuwar fari a Damri. Ranar suna na shiga ɗakinta. Na gaishe ta, da ƙyar ta amsa. Aka kawo tuwo, ba ta taɓa ba. Yaro ya tsala kuka, ta juya fuska bango. Shi ke nan, na gama bincike!

Na fito tsakar gida cike da mata, na ɗaga murya: "Yarinyar ga ba ta da lafiya, ciwon damuwa ne! A nemo mota mu kai ta asibitin Bakura!"

Uwar Hassi ta dafe ƙirji. Nan take na ji ana raɗa "taɓin hankali", kalmar da in ta manne wa yarinya a ƙauye ba ta fita.

Sai Inna Tumba, tsohuwar da ke yi wa Hassi wankan jego, ta ce, "Likita, taho ki gani." Ta ɗaga labule kaɗan. Ga Hassi rungume da ɗanta tana masa wasa, ɗaya hannun yana kai loma. Tana hango ni ta ajiye shi, ta ja mayafi.

"Kunyar ɗan fari ce, ga kuma suruka tsaye bisa kanta," in ji Inna. "Ke da kiy yi boko, mi as sunan ɗanki na fari?"

Ni kaina kunyar nan ce ke hana ni kama sunansa. Mutumin nan har ya fara furfura, amma har yau "yaron nan" nake ce masa. Gida ya kaure da shewa.

Ciwon dai gaskiya ne, kuma gobe ma in na ga alama zan ce a je asibiti. Sai dai yanzu gefe nake jan maijego in tambaye ta a hankali. Mutanen Damri kuwa, da na yi sallama sai su ce, "Maraba da Likita! Ina wajen... wa ma kika ce sunansa?"