Bashin Gida da Shekarun Abiba

Ran Talatar da ta wuce na raka maƙwabciyata Abiba zuwa unguwar Adabraka neman bashin gina gida. Mun fita tana da shekara hamsin da biyar, mun dawo tana da arba'in da huɗu, kuma ko kwabo ba a ba ta ba. Ku gyara zama in ba ku labarin, don na ji ana ta juya shi a bakin famfo ba daidai ba.

Abiba wake da shinkafa take sayarwa a bakin tashar Nima. Sule-sule, cikin shekara goma sha biyu, ta tara fam ɗari da arba'in. Tana da ɗan fili a Maamobi wanda ciyawa kawai ke zaune a kai. Mai gidan da take haya, Alhaji Fuseini, ya ce ta kwashe kayanta kafin babbar Sallah, ɗansa zai dawo daga Kumasi da iyali. Saura wata huɗu. Kuɗin nata zai ta da bangon ɗaki biyu, amma ba zai kai rufi ba.

Da an ji mace ta tara kuɗi, kowa sai ya zama masani. Alhaji Fuseini da kansa, mai korar tata, ya ce ta zuba su a motarsa ta haya, wadda ta yi rabin shekara a kan dutse gaban makaniki. Lamisi mai koko ta ce ta sayi kwanonin tasa da turamen atamfa ta kulle a akwati kamar yadda iyayenmu suka yi. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin wanda ya kwana a cikin kwano ran ruwan sama. Sai kuma wani Mai Girma Sarkin Jawabi ya shiga rediyo ya ce ɗaure kuɗi a gefen zani ƙauyanci ne, ƙasa ta waye, mai ɗan abin hannu ya kai kamfani a juya masa. Allah ya ja zamaninsa. Shi kam ba ya ɗaure nasa a gefen zani, don babu zanin da zai ɗauka.

Ana cikin haka sai ga Awudu, ɗan unguwarmu da ke aikin akawu a wani kamfanin inshora, da laktaye a wuya cikin wannan zafi. Ya ce kamfaninsu na ba da bashin gini, fam ɗari uku, a biya cikin shekara goma sha biyar. Abiba ta ce a tafi.

Mu uku muka je. Ni don karatun takardu, da yake na koyar da lissafi shekara talatin, ƙananan rubutun ƙasan shafi ba sa ba ni tsoro. Lamisi kuwa don riƙe wa Abiba jaka da laima, a matsayinta na ƙanwa.

Sai na ɗan tsaya a kan wannan ƙanwantaka. Matan layinmu na da adashi, su ashirin, fam biyu-biyu duk wata. Ni ba na ciki, fanshona ba ya jure wannan. Al'adarsu ita ce wadda ta girmi kowa ita ce uwar adashi: ita ke faɗin wa zai ɗauka, ita ke hawa kujera a gidan suna sauran suna kan tabarma, ita ake fara miƙa wa goro. Shekara goma sha shida Abiba na riƙe da wannan kujera, bisa cewa wai shekarar da ciwon marisuwa, murar nan mai kisa, ya shigo ƙasar nan tana niƙa a dutse. Lamisi da girmanta ta zo daga Bawku, ba ta da hanyar musu. Ni na san gaskiya, don na ci wainar sunan Abiba a tsohon zongo cikin wannan shekarar. Ba wanda ya tambaye ni, kuma ba na neman rigima da mai ƙara mini wele, wato ganda, a kan wake.

Muka zauna gaban teburin Awudu. Ya fara da bayani: ba a ba da bashin gida sai mutum ya yi inshorar ransa a wurinsu, yana biyan sule goma sha biyar duk wata, ban da bashin da ruwansa. In ya mutu kafin ya gama, kamfani zai ciro kuɗi daga aljihunsa na dama ya sa a na hagu, gida ya zama na magada. Wannan ban ƙi ba, kada a ce ba na yabo. Amma a ƙasan shafi na uku na ga in wata uku suka wuce ba ka biya ba, abin da ka zuba ya tafi, gidan ma su yi gwanjonsa. Na karanta wa Abiba. Ta ce in bari, ba ta da niyyar fashi.

"Mma, shekarunki nawa?" in ji Awudu.

"Na girmi uwarka."

"Yoo, Mma, amma takarda lamba take so."

"Rubuta hamsin da biyar."

Awudu ya ajiye alƙalami. Ya ce dokar kamfani sai an gama biya kafin a cika sittin, saboda haka wanda ya haura arba'in da biyar ba a duba takardarsa.

Abiba ta dubi fankar da ke juyawa a sama, ta dube ni, ta dubi Lamisi.

"Lamisi, fita ki sayo mana lemu."

"Ba na jin ƙishi, Yaya," in ji Lamisi, ta ƙara gyara zama.

Na ga mutane da yawa cikin tsaka mai wuya, amma ban taɓa ganin mace tana auna rufin ɗaki da kujerar gidan suna a gaban sa'an ɗan cikinta ba. Can ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Malama Zuera, ke kika ci sunana. Faɗa masa."

Na faɗa. Awudu ya yi lissafi ya rubuta arba'in da huɗu, na sa hannu a matsayin shaida. Lamisi ma tana nata lissafin da yatsu.

"Shekarar marisuwa," ta ce a hankali, "ina goyon ƙanena." Ta ɗora wa Abiba jaka da laima a cinya. "Riƙe kayanki, yarinya."

Daga nan aka karɓi sule goma kuɗin takarda, da fam biyu na likitan da ya duba harshen Abiba ya ce lafiyarta ƙalau. Sannan aka hau da mu bene wurin Mai Girma Sarkin Hatimi, mutum mai kirki ƙwarai, don sa'a biyu kacal ya bar mu a benci. Ya tambayi sunan titi da lambar fili. Abiba ta miƙa takardarta, wadda masu ƙasar suka dangwala wa yatsa: daga bishiyar mangwaro zuwa bakin kwata, taki arba'in. Ya riƙe ta da yatsa biyu. Ya baza taswira a tebur, ya nuna mana unguwannin da aka zana tituna, inda manya ke cin bashin su gina gida na uku su ba Turawa haya. Wajen Maamobi fari fat.

"Babu gidaje a nan," ya ce da Turanci.

Na ce masa, ranka ya daɗe, mutanen da ke wannan farin wuri sun fi na titin ofishinka yawa, su ke dafa maka abinci, su ke gadin ƙofarka.

Ya ce kamfani ba ya riƙe mangwaro jingina. Sai an zo da takardar mai awo, shi kuwa mai awo ba ya auna inda ba a tsara ba, masu tsarawa kuma suna nan suna nazari. Tun ina koyarwa suke wannan nazari. Na tambaye shi me ya hana a buɗe taswirar nan a ƙasa, kafin kuɗin likita. Ya ce kowane aiki da teburinsa.

Amma kada ku ce mutumin ba shi da tausayi. Ya ce inshorar rai tana nan a buɗe ga Abiba, kuma ba sai ta wahala da zuwa ba, akwai mai keke da zai riƙa zuwa har ƙofar ɗakinta duk ƙarshen wata. Na ce to da wace taswira zai gane ƙofar? Ya duba agogonsa.

A motar komawa Abiba ce ta riƙe laima.

Ran Juma'a matan adashi suka taru, Lamisi a kan kujera. Na leƙa ta katanga, don ina zaton za a yi wa Abiba wankin babban bargo. An ɗan yi. Sannan Lamisi ta ce ɗaukar wannan wata, da ma tata ce, a ba ƙanwarta ta sayi kwanon rufi. Ba likita, ba taswira, don duk sun san mangwaron. Sharaɗi ɗaya ne: kullum da safe Abiba ta je har wurin tukunyar koko, ta durƙusa ta ce, "Yaya, ina kwana," yadda masu saye za su ji. Abiba ta ce mini ruwan wannan bashi ya fi na kamfani zafi. Amma magina sun fara buga bulo a Maamobi, kuma kafinta ya ce rufi zai hau kafin a fara kawo raguna kasuwa.

Masu tambayata inda za su sa 'yan kuɗinsu, ku sa inda aka san ƙofarku ran bayarwa, ba ran karɓa kaɗai ba. Ni ba ni da abin sawa. Sai dai tun ran Juma'a mata uku sun aiko mini da ƙosai ba tare da na roƙa ba, kuma dukkansu na ci sunansu.