Ranar da Na Rufe Tabki da Tabarma

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tashi ɓoye tabkin garinmu, can gefen Kore Mairuwa. Tabkin nan shi ne ranmu. Shi ke shayar da albasarmu da rani, shi ke shayar da shanun Fulani.

Wata safiya maƙwabciyata Dije ta faɗo gidana tana haki. "Yaya, kin jiya? Wai akwai tauraron ɗan Adam da ke bi ta bisa kanmu yana auna ruwan tabki. Ma'aikatan ruwa na nan tafe daga Dogon Dutsi."

Mu tun kakanni ba mu auna albarka. Uwa ba ta faɗin yawan ɗiyanta, makiyayi ba ya ƙidaya garkensa a gaban mutane, don abin da ido ya ƙididdige guduwa yake yi. To ina ga idon da ke sama? Na hango tabki ya ƙafe, albasa ta ƙone, samarinmu sun ɗaure kaya sun bar gari.

Na tara mata (ni ce babba, wa zai musa mini?) na ce kowace ta kawo tabarmarta mu rufe ruwan. Tabarma, jama'a! A kan tabkin da jaki ke gajiya kafin ya kewaye shi.

Ni na fara shiga, ina addu'a, ban yarda na ɗaga kai sama ba. Ina shimfiɗawa, iska na janyewa, har laka ta riƙe ni zuwa cinya. A haka motar ma'aikatan ta iske ni, rabin gari na biye da ita.

Wata budurwa ta sauko. "Inna, sannu da aiki. Wanki ake yi?"

"Rufewa muke, ɗiyata. Ki ce wa abin naku ya kau da idonsa."

Ta cije leɓe, ta duƙa. "Inna, ai shekara da shekaru yana auna shi. Don mu san in ruwa zai ja baya ne, mu gaya muku da wuri."

Dije ta ce daga bakin gaɓa, ƙafarta a bushe, "Yaya, ashe mun makara."

Dariya ta ɓarke. Makiyaya biyu suka miƙo mini sanda, suka jawo ni kamar saniyar da ta kafe.

Tun ranar, in tsoro ya kama ni, kafin in tara mata sai in fara tambaya: "Wai tun yaushe abin yake?"