Ranar da Aka Zo Dubiyata a Gonar Tumatir

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a Kadawa, cikin shekarun tamanin, ina ƙaramin malamin gona a aikin noman rani. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mu Kirista a wajen ba mu da yawa. Ma'aikata ne daga Kudancin Zariya da Jos da Biliri, muna taruwa a wani ɗaki mai rufin kwano a bayan kwatas, benci huɗu, ganga ɗaya. Babu fasto. Baba Ishaku, tsohon direban tarakta, shi ke jagorantar sujada. In mutum ɗaya bai zo ba, kowa ya sani.

To, sai na samu aron ɗan fili na dasa tumatir. Sauran ranaku ina gonakin hukuma, ba ni da lokacin tawa sai Lahadi. Na fara da makara, na koma fashi. Da Baba Ishaku ya tare ni a hanya ya ce, "Ɗana, lafiya kwana biyu?" sai bakina ya riga hankalina: "Baba, ciwon baya ne, ko zama ba na iyawa." (Ni da nake saɓa buhun taki kamar matashin kai.) A raina ina cewa ai Allah na ko'ina, a gona ma sai in yi addu'ata. Ko sau ɗaya ban yi ba. Tsutsa kawai nake zagi.

Lahadi ta biyar, da aka tashi daga sujada, ashe ikilisiya duka ta nufi ɗakina dubiya. Mama Rifkatu, tsohuwar da ke suyar ƙosai a bakin kwatas, har kunun gyaɗa ta dama mini. Suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Suna tsaye suna tunanin ko asibitin Kura aka kai ni, sai ga Malam Garba, maƙwabcin gonata, a kan keke. Bawan Allah, da kyakkyawar niyya ya ce, "Ai yana gona tun asuba, ku zo in raka ku."

Ina cikin laka da gajeren wando, kwando cike da tumatir a kaina, har da 'yar waƙa, na hango su jere a bakin kanal ɗin ban ruwa cikin kayan Lahadi. Na duba wajen ɓuya. Babu. (Da dawa na shuka, da na tsira.) Sai shaiɗan ya ba ni shawara ta ƙarshe: na dafe baya na fara ɗingishi, na manta da kaya a kaina. Kwandon ya kife cikin kanal, tumatir ya bi ruwa yana wucewa ta gabansu ɗaya bayan ɗaya.

Malam Garba ya ce, "Af, ashe ba ka da lafiya? Jiya fa kai ka taya ni ɗora inji a amalanke!"

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na ji sauƙi. Baba Ishaku ya cire hula ya ce, "Marar lafiya muka zo yi wa addu'a, kuma ba mu yi ɓatan kai ba. Ku rufe ido." Nan suka yi mini addu'a, ina tsaye ruwa na ɗiga a ƙwaurina. Mama Rifkatu, wadda ta tako duk tafiyar nan da ciwon gwiwa na gaske, ta miƙo mini langa ta ce, "Sha, ɗana, tun bai huce ba. Ka dawo mana."

Ban dawo ba. Kunya ta ƙarasa abin da kwaɗayi ya fara. Wata biyu ina canza hanya in na hango ɗayansu. Tumatirin ma ya yi kwantai a shekarar, ya ruɓe a bakin titi. Lahadi sai in kulle kaina a ɗaki, ina jin gangarsu daga nesa, ba wanda zan ce wa komai.

Wata safiya Malam Garba ya tare ni a hanyar zuwa aiki. "Sannu da haƙuri. Tsohuwar nan taku mai ƙosai, Allah ya yi mata rasuwa, har an kai gawarta garinsu. Na je gaisuwa ban gan ka ba."

Shi ya je. Ni ko labari ban ji ba. Langarta ma tana ƙarƙashin gadona, na kasa mayarwa.

Lahadin da ta biyo na shiga ɗakin sujada da kai a sunkuye. Baba Ishaku littafin waƙoƙi kawai ya miƙo mini. Na karɓa, na zauna a kan benci.

Yanzu in matashi ya ce mini shi a zuciya yake ibadarsa, ba na musu da shi. Nakan ce masa dai in an kama shi, ya koma a makon nan ya sha kunyarsa. Kunya ba ta taɓa kashe kowa ba, ga ni nan da raina. Amma wanda kake shirin ba haƙuri, ba lallai ya jira ka ba.