Rasuwar Alƙaliya, Mai Rabon Iska a Falon Tsohon Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya gama yin laushi, Tsohon Direba na sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar wayar gidansa, wadda aka fi sani da Alƙaliya. Ta cika ne a kan teburin falo, tana jone da caja, ana tsakiyar wasa.

Marigayiyar ta zo gidan ne da tsufanta, da tsagewa a gefen gilashi. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce ta kawo ta, lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, likita ya ce a nema wa hannun dama abin yi. Ta haɗo da wasan golf na kan tebur, wanda ake tura ƙwallo cikin rami: koren kwali mai gida-gida, da tafki da yashi a zane, da 'yan sanduna kamar tsinken sakace, da ƙwallon da bai fi ƙwayar magani ba. Aikin marigayiya ɗaya ne. Kafin kowa ya buga, manhajar da ke cikinta za ta yi "fuuu", ta nuna kibiya da lamba: ga inda iska ta nufa, ga yawan gidajen da za ta ture ƙwallonka. In ka faɗa tafki ta ce "tsulum". In ka shiga rami ta yi maka tafi, irin tafin mutanen da suka gaji da taro.

Wasan ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Matarsa ta gwada, ta ce tana da abin yi. Ana nan sai ga ƙanensa Tela ya zo dubiya. Kowa ya san tsakaninsu: uwa ɗaya uba ɗaya, amma shekara da shekaru maganarsu ba ta wuce gaisuwa, don ko a kan ruwan sha sai sun yi musu. Tela ya ɗosana a hannun kujera kamar mai jiran mota, aka miƙa masa sanda ya karɓa don kunya. Tun daga ranar, duk yamma in ya rufe shago nan yake yada zango.

Direba na shaidar cewa marigayiya ba ta san son kai ba. Ba ta san wa ba, ba ta san ƙane ba. Ta jefa shi tafki yana majinyaci, ta binne Tela a yashi yana baƙo. Sukan haɗu su zage ta tas, kuma a iya saninsa wannan ne abu na farko da suka taɓa yarda a kai su biyun.

Jinyarta ta yi tsawo. Da fari caji ne ba ta riƙewa. Sannan batirin ya kumbura har bayanta ya ɗago, jikinta ya riƙa zafi, a yi ta yi mata fifita da murfin kwalin wasan. A kwanakin ƙarshe ta rikice, kullum iskarta yamma take nufa, suka yi mata uzuri. Mai gyara ya jujjuya ta ya ce sai haƙuri, ya ƙara da cewa masu manhajar sun janye ta tuni, ba ta hawa sabuwar waya.

Ta rasu ta bar caja mai naɗin salatif, da kwalin wasa, da tsofaffi biyu ba mai raba su.

Sun gwada ci gaba ba ita. Takardar dokokin ta ce in babu waya a jefa ɗan lido, shi zai faɗi ƙarfin iska. Ba ta fayyace ba ko iska na ture ƙwallo tun yana tafiya ne ko sai ya tsaya. Tela ya ce sai ya tsaya. Direba ya ce shi da ya ƙare rayuwarsa a kan titi ba mai koya masa yadda iska ke dukan abu mai tafiya. Ƙwallon Tela kuwa na bakin tafki. Magana ta yi tsawo, har Direba ya ce masa dama tun suna yara ba ya cin wasa sai da maguɗi. Tela ya ajiye sandarsa a hankali, ya ce a gaida gida. Bai sake leƙowa ba.

Yanzu Direba na zaune gaban kwalin, hannun ya yi nauyi, musun ma ya fita ransa. Ya gaji. Ya lura bai ma tuna wa ke kan gaba a wasan ba.

Za a kai marigayiya makwancinta a durowar ƙasa ta kabad ɗin falo, kusa da rimot biyu da tocila da suka riga ta. Ana karɓar gaisuwa a falo da yamma. Kada a zo da sabuwar waya, an gode. Sai dai an dakatar da binnewar har sai Tela ya iso, don Direba ya ce ba zai rufe ta shi kaɗai ba. Duk wanda hanyarsa ta bi ta shagon ɗinkin, don Allah ya isar wa Tela da saƙon yayansa kamar yadda ya faɗa: "Ka zo. Duk inda ka ce iska ta nufa, can ta nufa."